The Ladykillers: shin tsohuwar ta cancanci riƙe kuɗin?

Malam Habibu, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya na sake kallon The Ladykillers, fim ɗin Ingila na shekarar 1955, karo na huɗu ke nan, kuma ina so mu tattauna a kansa domin akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ga wanda bai taɓa gani ba, labarin wata tsohuwa ce mai suna Misis Wilberforce, wadda mijinta kyaftin ɗin jirgin ruwa ne da ya nutse tare da jirginsa shekaru masu yawa da suka wuce. Tana zaune daga ita sai tsuntsayenta na aku a wani karkataccen gida a ƙarshen lungu, kusa da tashar King's Cross ta Landan, daidai bisa ramin da jiragen ƙasa suke kutsawa. Sai wani mai kiran kansa Farfesa Marcus ya zo ya kama hayar ɗakunanta na sama, ya ce shi da abokansa huɗu makaɗa ne masu neman inda za su riƙa gwaji. Da zarar sun rufe ƙofa sai su kunna faifan garmaho na kiɗan Boccherini, wani tsohon mai tsara kiɗa ɗan Italiya, suna ƙulla yadda za su tare motar kuɗi. Sun kuwa yi nasara, sun kwashe fam 60,000, kuma tsohuwar ce da kanta ta je tasha ta ɗauko musu akwatin ba tare da ta san abin da ke ciki ba, har 'yan sanda suka taya ta kawo shi gida. Asirinsu ya tonu ne a bakin ƙofa, suna shirin fita, lokacin da igiyar akwatin babban goge ta maƙale, akwatin ya buɗe, takardun kuɗi suka watse a gabanta.

Daga nan ne fim ɗin ya fara a wurina. Maza biyar, a cikinsu har da wanda kisa ba baƙon abu ba ne a gare shi, sun yanke cewa dole a kawar da ita, suka jefa ƙuri'a da tsinken ashana, amma aka rasa wanda zai iya ɗaga mata hannu. A ƙarshe junansu suka yi ta kashewa har suka ƙare. Ra'ayina shi ne, abin da ya ci su ba wayon tsohuwar ba ne, domin ba ta da shi, kuma ba tsoron hukuma ba ne. Kunya ce ta ci su. Kowannensu ya taso a hannun mace irinta, wadda ta koya masa ya cire hula idan ya shiga ɗaki, kuma wannan tarbiyyar ba ta mutu ba duk da lalacewarsu. Wannan ya sa nake ganin fim ɗin ya fi ƙarfin a kira shi na barkwanci kawai. Ina neman ra'ayinku.

Nafisa, Landan:

Wa'alaikumus salam, Malam. Na gode da ka ɗauko wannan fim, domin kusan kullum ina bi ta King's Cross in zan tafi makaranta, kuma unguwar ta canza ƙwarai, ta yadda wanda ya san ta a fim kaɗai ba zai gane ta ba. Shi kansa gidan tsohuwar ba gidan gaske ba ne, kamfanin Ealing da ya shirya fim ɗin ne ya gina shi musamman a ƙarshen wani titi da ke saman ramin jirgin da ake kira Copenhagen.

Sai dai, da izininka, ban yarda cewa tsohuwar salihar baiwar Allah ce kamar yadda ka zana ta ba. A tuna da abin da ya faru a hanyarta ta dawowa daga tasha. Ta ga mai tallar kayan marmari a baro yana korar dokin da ke cinye masa haja, sai ta sa ɗan tasi ya tsaya, ta fita ta far wa mutumin da laima. Kafin rigimar ta lafa, baron ya wargaje, tasin ta lalace, mai dokin ya shiga uku, ita kuwa ta koma gida ranta fes tana ganin ta yi aikin lada. Talakawa uku sun rasa abin neman abincinsu cikin 'yan mintoci saboda tausayinta ga doki. Ni a ganina darakta Alexander Mackendrick bai sa wannan fitowar don cike lokaci ba. Yana nuna mana cewa mutumin da ya tabbata a ransa cewa shi ne mai gaskiya, kuma ba ya waiwayen ɓarnar da ya bari a baya, zai iya fin ɗan fashi haɗari.

Malam Habibu, Zariya:

Malama Nafisa, wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na yarda cewa an cuci mai baron. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya yi ɓarna da niyyar alheri da wanda ya kwana yana shirya mugunta. Idan muka ɗora su a sikeli ɗaya, to mun rushe abin da ake auna mutane da shi.

Usman, Omdurman:

Ina gaishe da kowa. Ni abin da ya fara jan hankalina ba tsohuwar ba ce, akunta ne, wanda ta raɗa wa suna Janar Gordon. Mu da muke zaune a Sudan wannan suna ba baƙo ba ne a kunnenmu. Gordon shi ne hafsan Ingila da dakarun Mahdi suka kashe a Khartoum a watan Janairun 1885, kuma Turawan zamanin Sarauniya Victoria sun mayar da shi gwarzon da ake koya wa yara labarinsa. A cikin wannan fim kuwa ya zama tsuntsu mai ƙin shan magani, wanda ya kuɓuce ya sa ƙarti suna hawa kujeru da rufin gida don su kamo shi. An fara nuna fim ɗin a watan Disamban 1955, Sudan kuma ta karɓi 'yancin kanta ranar 1 ga Janairun 1956, wato 'yan makonni kaɗan a tsakani.

Saboda haka ina goyon bayan Malama Nafisa ta wata fuska. Gidan nan Ingila ce kanta. Ginin ya karkace tun bama-baman yaƙi, hotunan bango ba sa tsayawa daidai, famfo ba ya kawo ruwa sai an buga bututun da guduma, amma mai gidan tana tafiyar da komai kamar ba abin da ya canza. Akwai inda take ba da labarin bikin cikarta shekara 21, ta ce ana tsakiyar shagali aka shigo da labarin rasuwar tsohuwar Sarauniya, kowa ya watse. Wannan a 1901 ke nan. Agogon rayuwarta a ranar ya tsaya. Kuma ba abin mamaki ba ne da waɗanda suka hango haka ba cikakkun 'yan gida ba ne: marubucin labarin, William Rose, Ba'amurke ne, shi kuma Mackendrick a Boston aka haife shi, ya girma a Glasgow. Baƙo yakan ga tsagar bangon da mai gida ya daina gani.

Hajiya Rabi, Kaduna:

Malam Usman, Allah ya ƙara sani, ban taɓa lura da zancen Gordon ba. Amma ina roƙon kada mu mayar da matar nan taswirar ƙasa mu manta cewa mutum ce. Ni da na kalli fim ɗin, abin da na gani shi ne kaɗaici. Mace ce da ta haura saba'in, ba ɗa ba jika, tana zuwa caji ofis ba don tana da ƙara ba, sai don a can ne kaɗai ake tsayawa a saurare ta. A farkon fim ma abin da ya kai ta shi ne ta gyara musu zancen wata ƙawarta da ta ce ta ga jirgin wasu halittu daga sama, ta bayyana musu cewa mafarki ne. 'Yan sandan suna karɓarta da fara'a, suna raka ta bakin ƙofa, amma babu mai ɗaukar maganarta da nauyi. Duk yawan ƙwanƙwasa ƙofar da take yi wa 'yan hayarta, ko za su sha shayi, ko za su taimaka mata da tsuntsu, ba komai ba ne illa murnar cewa gidanta ya sake samun motsin mutane. Wanda ya taɓa jinyar tsohuwa ya san wannan hali sarai.

Kuma a yaba wa Katie Johnson, wadda ta fito a matsayin tsohuwar. Tana da shekara 76 lokacin da aka ɗauki fim ɗin, ta shafe rayuwarta tana fitowa a ƙananan matsayi, sai ga shi ta tsaya gaban Alec Guinness, wanda ya fito a matsayin Farfesa Marcus, ta ƙwace fim ɗin daga hannunsa, har ta samu kyautar BAFTA, wato lambar yabo ta finafinan Birtaniya, ta jarumar Ingila da ta fi kowa a shekarar. Ba ta daɗe ba bayan haka, ta rasu a 1957. Dubi fuskarta lokacin da ta gane an yaudare ta. Ba ta yi ihu ba, ba ta firgita ba, sai ta ce musu ta ji kunyar abin da suka yi, kamar uwar da ta kama 'ya'yanta da hannu a tukunya. Suna cikin wannan hali sai ga ƙawayenta tsofaffi sun iso shan shayi, ta tilasta wa 'yan fashi biyar su zauna cikin ladabi suna miƙa kofuna. A wannan fitowar na yi dariya har da hawaye, kuma a nan ne na yarda da Malam Habibu cewa kunya ce makaminta.

Barista Ɗanjuma, Kano:

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na ga kowa yana kewaye babbar tambayar. Yaya fim ɗin ya ƙare? Tsohuwar ta je caji ofis ta faɗi gaskiya tsaf, cewa kuɗin fashin suna gidanta. 'Yan sanda, da yake sun saba da labaranta, suka ɗauka wani mafarkin ne, suka ce ta je ta riƙe abinta. Ita kuma ta amsa, ta fito, har ta ba wani mai zane a gefen titi takardar kuɗi mai nauyi. Ina tambaya: da wane haƙƙi? Wannan ba tsintuwa ba ce da za a ce a yi cigiya shekara guda. Dukiyar sata ce wadda aka san inda ta fito, jaridu sun buga labarin, ita kanta ta gani. Maganar ɗan sandan da bai fahimci abin da ake gaya masa ba ba ta halatta dukiyar wani. Abin da ya wajaba a kanta shi ne ta koma gida, ta ɗauko kuɗin, ta zube su a kan teburin Sufurtanda.

Abin da ya fi damuna shi ne, hujjar da ta kwantar mata da hankali a ƙarshe ita ce dai wadda Farfesa Marcus ya kawo mata tun farko, cewa kamfanin inshora zai biya, asarar za ta rarrabu a kan dubban mutane har ba wanda zai ji a jikinsa, saboda haka ba a cuci kowa ba. Da ɓarawo ya faɗa mata ta ƙi, da mai kaki ya nuna mata hanya sai ta bi. Wannan hujjar ita ce duk mai wawure dukiyar jama'a yake lallashin zuciyarsa da ita. Ina jin daɗin fim ɗin matuƙa, amma ba zan ɓoye cewa ƙarshensa bai kwanta mini ba.

Hajiya Rabi, Kaduna:

Barista, ranka ya daɗe, ka tsananta mata. Matar nan ta ɗauka cewa ita ma za a ɗaure ta, domin sun tsorata ta da cewa ita ce ta ɗauko akwatin, don haka da hannunta a ciki. Duk da haka ta sa hularta ta tafi ta kai kanta. Wanda ya yi wannan ba za a ce yana kwaɗayin kuɗi ba. A duniyarta, abin da hukuma ta faɗa shi ne gaskiya, ba a yi mata tarbiyyar musu da ɗan sanda ba. Idan akwai mai laifi, to waɗanda suka raina maganar tsohuwa ne.

Barista Ɗanjuma, Kano:

Hajiya, na yarda laifin 'yan sandan ya fi nata girma, amma girman laifin wani ba ya share na wani. Kuma bari in ƙara wani abu da ya shafi maganar Malam Habibu ta farko, cewa ba tsoron hukuma ya hana su kashe ta ba. A 1955 hukuncin kisan kai a Ingila rataya ne. A watan Yulin wannan shekarar aka rataye Ruth Ellis, mace ta ƙarshe da aka zartar wa wannan hukunci a ƙasar, kuma ba a dakatar da shi ba sai 1965. Masu kallon farko sun san cewa fashi ɗauri ne, kisa kuwa igiya ce. Saboda haka jan ƙafar da kowannensu yake yi idan ƙuri'a ta matso kusa da shi ba kunya kaɗai ba ce.

Malam Habibu, Zariya:

Barista, da tsoron igiya ne ya riƙe hannunsu, da ba su kashe juna ba, domin ran ɗan fashi ma rai ne a gaban alƙali. A duba yadda suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wanda suke kira Manjo, wanda ƙuri'a ta faɗa kansa, ya gwammace ya gudu ta taga da ya taɓa ta, ya faɗo daga rufin gida. Ƙaton nan tsohon ɗan dambe, wanda ake ganin shi ne mafi ƙarancin basira a cikinsu, shi ne ya fito fili ya ce babu mai taɓa ta, kuma ya kashe abokinsu Harry ne don ya ga tsohuwar tana barci a kujera ya zaci an gama da ita. Shi ma ɗan damben, abokinsu Louis ne ya kashe shi, Marcus kuma ya kashe Louis. Suna iya zuba gawar abokinsu a baro su tura ta bayan gida, su jira jirgin kaya ya zo su jefa ta cikin wagunu, amma ba sa iya shiga falo su fuskanci mace mai barci. Wannan ba lissafin shari'a ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutuwar Marcus. Mutumin da yake alfahari cewa ya tsara komai daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya rage shi kaɗai, ya miƙe tsaye yana ganin ya ci nasara, sai hannun siginar jirgi ya sauko ya buge shi a ka, ya faɗa cikin wagunu kamar sauran. Ba ɗan sanda, ba abokin gaba, ƙarfe ne kawai da ke aikinsa na kullum. Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Nafisa, Landan:

Game da damuwar Barista, yana da kyau a dubi yadda 'yan'uwan nan biyu Joel da Ethan Coen suka sake yin labarin a 2004, suka mayar da shi jihar Mississippi ta Amurka, Tom Hanks ya fito a matsayin farfesan, Irma P. Hall kuma ta zama tsohuwar. A can sun nemi su wanke ta, suka sa ta ƙudura bayar da kuɗin ga wata jami'ar addinin Kirista. Ni a wurina wannan bai gyara komai ba, domin kyauta da dukiyar wani ba ta mayar da ita taka. Kuma na Amurkan ya cika ashar da hayaniya, alhali ƙarfin na asalin yana cikin ladabi ne: mutane suna shirya kisa amma suna rage murya don kada su tashi mai gida daga barci.

Ta fannin wasa kuwa, ina ganin ba a cika yaba wa Herbert Lom, wanda ya fito a matsayin Louis, yadda ya kamata ba. Shi kaɗai ne ya yi wasansa kamar yana cikin fim ɗin 'yan daba na gaske, ba ya murmushi, tun ranar farko ya ce bai yarda a sa tsohuwa cikin shirin ba, kuma shi ne ya fi kowa gaskiya. Tsananinsa ne yake sa sauran su zama abin dariya. Peter Sellers, wanda ya fito a matsayin Harry, a lokacin bai yi suna a fim ba, matsayinsa ƙarami ne, daga baya ne shi da Lom suka sake haɗuwa a finafinan Pink Panther. Shi kuwa Guinness, da haƙoran roba da dogon mayafin wuya da inuwarsa da ta fara bayyana a gilashin ƙofa kafin a ga fuskarsa, wani lokaci nakan ji kamar ya ɗan zarce.

Usman, Omdurman:

Malama Nafisa, zarcewar da gangan ce, domin fim ɗin gaba ɗaya an gina shi kamar mafarki, kuma William Rose ya ce a mafarki ya ga labarin. Shi ya sa nake ganin Barista yana neman hukuncin kotu a inda aka ba shi tatsuniya. Akwai kuma abin tausayi a tarihin fim ɗin: a shekarar da ya fito ne aka sayar wa BBC ginin Ealing, inda aka yi Kind Hearts and Coronets a 1949 da The Lavender Hill Mob a 1951, shi kuma Mackendrick ya tattara ya koma Amurka. Kamar dai sun san suna bankwana da irin wannan Ingilar.

Barista Ɗanjuma, Kano:

Malam Usman, tatsuniya ma tana da hukunci, shi ya sa ake ba yara ita. Kuma tun da ka ambaci The Lavender Hill Mob, a can Guinness ma'aikacin banki ne da ya sace zinariya, amma an nuna shi a ƙarshe da ankwa a hannu. Kamfani ɗaya, jarumi ɗaya, shekara huɗu tsakani. Sun san yadda ake mayar da dukiya ga mai ita, a nan ne suka zaɓi kada su yi.

Hajiya Rabi, Kaduna:

Na koma na sake kallon mintocin ƙarshe da daren nan saboda maganar Barista, kuma na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Tun farkon fim tsohuwar takan manta laimarta a caji ofis, ɗan sanda ya biyo ta da ita, ta karɓa ta yi godiya. Wannan laimar ce ta daki mai baro da ita, ita ce ba ta fita sai da ita. A fitowar ƙarshe ta sake mantawa, aka biyo ta da ita kamar kullum, sai ta ce ba ta so, ai yanzu tana iya sayen sababbi da yawa. Matar da ta ƙi taɓa ko sisi a daren jiya, da gari ya waye ta fara lissafin abin da kuɗin za su saya mata. Ban janye tausayina gare ta ba, Barista, amma na daina cewa kuɗin ba su taɓa zuciyarta ba.

Malam Habibu, Zariya:

Hajiya, sau huɗu na kalli wannan wurin ina ɗaukarsa a matsayin farin cikin tsohuwar da ta huta da talauci, ban taɓa haɗa shi da maganar Barista ba. Har yanzu ina nan a kan cewa kunya ce ta hana mutanen nan biyar taɓa ta. Amma zancen laimar nan zan koma in duba fuskarta da kyau lokacin da take faɗar haka, in ga ko murmushin da ta yi irin na farkon fim ne ko wani ne daban.